Wai mene ne "wool", kuma ina tunkiyar take a cikin ulun da muke saye?

Ɗiyar yayata ce 'yar aji uku a firamare ta jawo duk wannan surutun. Ta zo da littafin aikin gida, an ce su cike gurbi, daga jikin wace dabba ake samun wool, ita kuma ta riga ta haddace amsar a makaranta cewa tunkiya ce, amma sai ta tsaya tana kallon ragon da babanta ya ɗaure a tsakar gida tun kafin babbar sallah, ta ce min "Kawu, to ina wool ɗin a jikin wannan?" Na leƙa na kalli ragon nima. Ɗan Uda ne, rabinsa baƙi rabinsa fari, gashinsa gajere a kwance luf kamar an shafa masa mai, babu abin da za ka kaɗa ka yi zare da shi ko da na ɗinke maɓalli ne. Wallahi yarinyar nan ta fi littafin gaskiya, a tsakar gidan nan dai.

Toh bari mu fara daga furucin, don nan ma ana shan kaye. An rubuta shi da o guda biyu, shi yasa yawancinmu muke jan sa mu ce "wuul", alhali gajere ne, "wul", irin yadda ake faɗin book ko good. Daga nan bakin Bahaushe ya ɗauke shi ya gyara shi ya zama ulu, kamar yadda ya mayar da bucket bokiti. Kalmar kuma tsohuwa ce sosai, tun Ingilishin da ake yi shekara dubu da suka wuce tana nan a matsayin wull, Jamusawa suna cewa Wolle, mutanen Holan suna cewa wol, duk 'yan gida ɗaya ne. A nahawu kuma ba a ƙirga ta, kamar ruwa ko gishiri take, ba ka cewa ka sayi wool guda biyu sai dai ka ce ƙwallo biyu na wool, in ka ga an sa mata s a ƙarshe to ana nufin kala-kala ne ko iri-iri.

Ma'anar farko, wadda ita ce uwa, gashin nan ne mai laushi mai murɗe-murɗe da ke fitowa a jikin wasu irin tumaki. Na ce wasu iri, don nan ne gizo ke saƙa. Tumakinmu na nan, 'Yankasa da Uda da Balami, gashi gare su kamar na akuya, an kiwata su ne don nama da fata da layya, kuma da zafin Maris da Afrilu na ƙasar nan ai rahama ce da ba su da wancan bargon a jiki. Masu wool ɗin sosai irin su Merino ne, asalinsu Sifen, kuma sarakunan Sifen sun daɗe suna hana a fitar da su waje saboda kishin arzikin, sai a ƙarni na 18 abin ya saki, a 1797 suka isa Ostireliya wadda yanzu ita ce kan gaba a duniya wajen ulu mai laushi. Amma kar a ce Afirka ta Yamma ba ta da nata, akwai tumakin Masina a Mali masu ulu, da shi masaƙan Fulani suke saƙa bargon nan mai kauri da ake kira kasa, akwai kuma wani iri ɗan uwansu a bakin kogin Kwara wajen Tillaberi a Nijar.

Abin da ya bambanta wool da gashi ba suna ba ne kawai. Silin Merino bai fi kaurin maikiron 24 ba (maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), mai kyau sosai yana sauka ƙasa da 18, gashin kan mutum kuwa yakan kai 50 zuwa 100, kaga shi yasa ɗaya yake laushi a fata ɗaya kuma yake suka. Sannan silin a lanƙwashe yake kamar sifirin, to wannan lanƙwasar ce take kama iska ta riƙe ɗumi. Yana iya shan damshi kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa ka taɓa ka ji kamar a bushe yake. Kuma in ka sa shi a madubin likita za ka ga jikinsa da ɓawo-ɓawo kamar na kifi, su ne in ruwan zafi da sabulu da cuɗa suka haɗu sai su sarƙe da juna su ƙi saki, shi yasa suwaitar da ka sayo a gwanjo kana ji da ita, aka jiƙa ta a ruwan zafi aka dirje ta, ta dawo daidai jikin ƙaninka. Wannan sarƙewar da muke ganin ɓarna ce, da gangan ake yin ta a wani wajen, da ita ake samun dunƙulallen ƙyallen da ake yin hula dara da shi.

Wani abin mamaki kuma, tumaki irin su Merino ba sa zubar da gashin da kansu, mutum ya canza musu halitta ta hanyar zaɓen iri har sai sun dogara da aski duk shekara. A 2015 an tsinci wani rago kusa da Kanbera, babban birnin Ostireliya, da ya ɓace shekaru yana yawo a daji, aka sa masa suna Chris, da ƙyar yake tafiya, da aka yi masa aski abin da aka cire ya haura kilo 41, alhali askin shekara ɗaya na tunkiyar Merino wajen kilo 5 ne. Ka ƙiyasta kana yawo da kusan buhun siminti a gadon baya.

Wannan abin da aka aske gaba ɗayansa, yana haɗe kamar an tuɓe riga, shi ne ake kira fleece. Wato fleece rigar tunkiya guda ce, wool kuma kayan da rigar ta ƙunsa, kana iya ƙirga na farko ba ka iya ƙirga na biyu. Larabci ma ya yi irin wannan rarrabewar tasa, duk wanda ya yi karatun allo ya wuce ta wajen ko bai lura ba, a Suratun Nahli aya ta 80 an jero uku, aswaf na tumaki, awbar na raƙuma, ash'ar na awaki, kowanne da sunansa. A Alƙari'a kuma aka ce duwatsu za su zama kamar ihn manfush, malaman tafsiri sukan ce mana kamar gashin sufi da aka saɓa. Suf ɗin nan, wato tilon aswaf, shi ne wool, kuma bayanin da ya fi yaɗuwa a kan sunan sufaye shi ne daga rigar suf mai kaushi da masu gudun duniya suke sawa ya fito. Kenan abin ya shigo mana ta ƙofa biyu, ta Larabci ya shigo da sunan sufi, ta Turanci ya shigo da sunan ulu, kuma ba kowa ke gane abu ɗaya ba ne.

Ma'ana ta biyu ita ce ta fi shafarmu. A Turancin Ingila, wool yana nufin zaren saƙa ma, ko da me aka yi shi, tsohuwa za ta shiga shago ta ce a ba ta wool ta fito da zaren da ko warin tunkiya bai taɓa ji ba kuma ba wanda zai ce ta yi kuskure, Amurkawa su kuma yarn suke cewa. Mu Turawan Ingila ne suka mulke mu, sai muka gaji tasu ma'anar. Shi yasa ulun da yayata take saƙa kayan jarirai da shi, hula da safa da shawul da 'yar suwaita, da kwarashi ko da kibiya, kusan duk akirilik ne, wato dangin roba ne da ake samu daga sinadaran man fetur. Haka wanda 'yan mata suke kitso da shi da ake kira Brazilian wool, shi ma zaren roba ne. Ba ha'inci ba ne wannan, sunan ne kawai ya bar tunkiya a baya ya bi aikin da ake yi da zaren.

Kuma bai tsaya nan ba, Bature duk abin da ya gani da silli-silli a cukurkuɗe sai ya liƙa masa wool. Audugar asibiti da ake goge wajen allura da ita cotton wool ce a Ingila. Soson ƙarfe mai laushi na goge tukunya steel wool. Abin da masu gini suke cusawa a rufi ko bango don tare zafi da ƙara, wanda ake narka gilashi ko dutse a ja shi ya zama zare, glass wool da rock wool. Jamusawa su ma abin da suke kiran auduga Baumwolle, ma'ana ulun bishiya, kuma tun zamanin Girkawa masanin tarihinsu Hirodotus ya rubuta cewa a Indiya akwai itatuwa da suke fitar da ulu. Ni wannan yana ba ni dariya, su tunkiya suka fara sani sai suka kalli auduga suka ce ulun da ke tsiro ne, mu da muka tashi cikin auduga da gurya da mazari, da za a bar mu mu raɗa wa wool suna da kanmu ai audugar tunkiya za mu ce.

To me yasa kalma ɗaya ta yi wannan yaɗon a Turanci har ta shiga karin magana da sunayen mutane? Saboda ulu shi ne man fetur ɗin Ingila na ɗaruruwan shekaru, ko in ce shi ne gyaɗarsu ta zamanin dala. Suna kiwon tumaki suna aske su suna loda wa jirage zuwa garuruwan masaƙa na yankin Filandas irin su Buruj da Gent da ke Beljiyam ta yau, da Fulorens ta Italiya, sarki kuma yana karɓar haraji a kan kowane buhu yana yin yaƙi da kuɗin. Lokacin da aka kama Sarki Richard na ɗaya a hanyarsa ta dawowa daga yaƙin 'yan salibi aka nemi kuɗin fansa, cikin abin da aka tattara har da ulun shekara guda cur na wasu gidajen ruhubanawa. Har gobe a majalisar dattawansu shugaban zaman ba a kan kujera yake zama ba, a kan wani ƙaton jan matashi yake zama mai suna Woolsack, wato buhun ulu, al'adar da ake dangantawa da zamanin Sarki Edward na uku a ƙarni na 14, don manya su riƙa tuna inda arzikin ƙasar yake fitowa. Abin dariyar shi ne a 1938 aka duba cikin matashin aka tarar gashin doki ne a ciki, dole aka sake cika shi da ulu na gaske da aka tattaro daga ƙasashen renon Ingila. Kaga ashe ba yau aka fara ba.

Har matattu ba su tsira ba. A 1666 majalisa ta yi doka cewa dole likkafanin kusan duk wanda ya mutu a Ingila ya zama na ulun ƙasar, a 1678 aka ƙara ƙarfafa ta, sai an yi rantsuwa cewa an bi dokar in ba haka ba tarar fam 5, kuɗi mai yawa a lokacin, duk don kasuwar masaƙan gida ta ci.

Sana'ar da ta ci mutane haka dole ta bar sawu a baki. Yadda muke da unguwannin Marina da Soron Ɗinki da Dukawa, mutum ya tashi ana kiransa da sana'ar gidansu, haka su ma, Weaver da Webster masaƙa ne, Dyer marini, Fuller da Walker da Tucker masu tattaka ƙyallen ulu a ruwa don ya yi kauri. Wanda ya fi burge ni shi ne spinster da muke gani a takardar aure ta rajista, asalinta mai kaɗi ce kawai, macen da take kaɗa zare, da yake 'yan matan da ba su yi aure ba su ne aka fi sani da aikin sai a hankali ta koma nufin macen da ba ta taɓa aure ba. A wajenmu kaɗi kuwa tsofaffi yake tuna mana, kaka da mazarinta da ɗan alli a gefe tana shafawa a yatsa.

Sai karin magana, inda ɗalibai suka fi faɗawa rami don in ka bi kalma da kalma ba abin da za ka fahimta. In aka ce wani ya yi pull the wool over your eyes, ba wanda ya kawo ulu kusa da fuskarka, rufa-ido aka yi maka, an ninke ka baibai. Dyed in the wool kuma daga marina ya fito, in aka rina ulun tun yana ɗanye kafin a kaɗa shi launin yana ratsa kowane sili ba ya kuma kodewa, sai suka ara suna faɗa wa mutumin da ra'ayinsa ya shiga jini, irin ɗan a-mutun jam'iyya ko na ƙungiyar ƙwallo da ko an ci su biyar gobe zai sa rigar. Woolgathering asalinsa talakawa ne da suke bin shinge da ƙaya suna tsintar guntayen ulun da tumaki suka bari, yawo mai yawa riba kaɗan, yanzu ana faɗa wa wanda jikinsa ke aji hankalinsa ya lula wata duniya. In an ce tunaninka ko bayaninka woolly ne, ba yabo ba ne, ana nufin a cukurkuɗe yake ba kai ba gindi. In kuma an ce iyaye sun naɗe ɗansu a cotton wool, ɗan lele ne ake lallaɓa shi kamar ƙwai.

Black sheep shi ma lissafin kasuwa ne a ƙarƙashinsa, baƙin ulu ba ya karɓar rini, don haka baƙar tunkiya a garke asara ce ga mai ita, daga nan ta zama sunan wanda ya fita zakka a gida. Mu kuwa ba ruwanmu da wannan, baƙin rago in dai ya ƙoshi kuɗinsa zai yi a kara. Su suna cewa kyarkeci a cikin rigar tunkiya, mu muna cewa kura da fatar akuya, kowa da dabbar da ta dame shi. Fleece ɗin nan ma in ya zama aikatau ma'anarsa a yashe mutum, a wanke shi tas, kamar yadda ake aske tunkiya a sake ta tsirara. Shoddy da ake faɗa wa aikin banza, aikin sha-yanzu-magani-yanzu, asalinsa sunan ƙyalle ne da aka fara yi a yankin Yokshaya na Ingila a farkon ƙarni na 19 ta hanyar yayyaga tsummokaran ulu a sake kaɗa su. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai, a tsofaffin rubuce-rubucen Turawa za ka ga suna kiran gashin baƙar fata wool ko woolly, da raini a cikin wannan, kar ka ɗauka ka faɗa wa wani kana ganin ka iya Turanci.

Yanzu mu dawo kan lakabin jikin kaya, inda kuɗin mutum yake fita. Woollen da l biyu rubutun Ingila ne, woolen da l ɗaya na Amurka, duk abu ɗaya ne. A wajen masu sana'ar, woollen shi ne zare mai burdin-burdin na suwaita da bargo, worsted kuma wanda aka taje dogayen silin suka kwanta aka murɗe su da ƙarfi, shi ne santsin yadin kwat, sunan daga wani ƙauye ne Worstead a yankin Nofok na Ingila. Virgin wool ko pure new wool na nufin sabo ne ba a taɓa amfani da shi ba, ba irin na tsumma ba. Lambswool askin farko ne na ɗan tunkiya. Alamar nan ta Woolmark mai kama da ƙwallon zare baƙi da fari tun 1964 take, shaida ce ta ulu tsantsa. Super 100 ko 120 ko 150 da ake rubutawa a gefen yadi laushin silin yake nunawa, lamba na hawa sili na ƙara siranta, ba wai ƙarko ba. Kashmiya kuma ba ma daga tunkiya take ba, gashin ciki ne na wata akuyar ƙasashen sanyi, mohair daga akuyar Angora, angora shi kansa daga zomo, amma a bakin mutane duk ana jefa su a buhun wool. Rigar sanyin nan mai laushi da ake kira fleece da ta cika dilolin gwanjo kuwa poliyesta ce zalla, wato ita ma zaren roba, wata masaƙa a jihar Masacusets ta Amurka ta fito da ita wajen 1980, suna kawai ta ara.

Bara kafin hunturu na shiga wani shagon yadi zan yi kaftani, mai shagon ya zaro wani ruwan toka yana shafa shi yana ce min "Alhaji wannan wool ne ɗan Italiya, taɓa ka ji", ga rubutun zinare a gefen yadin reras. Na biya na kai wa telana, dattijo ne da ya shekara sama da talatin a kan keke, ya murza yadin a tsakanin yatsunsa bai ce komai ba, ya sa almakashi ya yanki ɗan siriri a bakin, ya ce wa yaronsa ya miƙo ashana. Ya ce min "Malam, in ulu ne na gaske za ka ji ƙaurin babbakar kan rago, wutar ba za ta so ci ba za ta mutu da kanta, tokar kuma in ka murza sai ta zama gari." Kuma haka ne, don sinadarin da ya yi gashin kanmu da ƙaho da kofato shi ne ya yi wool. Ya ƙyasta ya kara. Yankin ya nannaɗe yana gudun wutar, ya narke, baƙin hayaƙi ya tashi da warin leda, ya bar wani ɗan baƙin ƙullutu mai tauri da ya ƙi murzuwa. Yaron shagon ya juya baya yana dariya ƙasa-ƙasa. Dattijon ya kaɗe hannunsa ya ɗauko tef ya ce "Ba laifi zai yi kyau a jiki, guga dai a riƙa yi da sanyi-sanyi, aljihu biyu za a sa ko uku?"